Darasin Kasuwanci: Yadda Ake Zaɓen Baƙin Mai Don Babur

Duk ɗan kasuwar da ya zuba jari a harkar babura, ko na haya ne ko kuwa na kai kaya ga abokan ciniki, ya san cewa lissafin sana'ar ya sauya tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Bai cika wata guda ba kuma aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwar canji, abin da ya sa farashin babur sabo da na kayan gyara ya yi tashin gwauron zabo. Shi ma baƙin mai, watau man da ake juye wa inji, bai tsira ba, domin kuwa tushen man da kamfanonin ƙasar nan ke haɗawa daga ƙasashen waje ake shigo da shi, kasancewar sashen da ke sarrafa irinsa a matatar Kaduna, wanda aka buɗe a 1983, ya daɗe ba ya aiki.

A irin wannan hali, wurin da mai babur ya fi saurin neman rangwame shi ne wajen juye. To amma a nan ne kuma rangwame ya fi tsada. Injin ƙaramin babur lita ɗaya kacal yake ɗauka, wani ma bai kai ba, kuma a kan wannan 'yar lita ce jarin mutum gaba ɗaya ya rataya. Saboda haka darasinmu na wannan karo zai duba yadda ake karanta abin da aka rubuta a jikin robar mai, da yadda ake lissafin tsadarsa ta gaskiya.

Abin da ya raba babur da mota

Kafin a zo ga lambobi, ya kamata mai karatu ya fahimci dalilin da ya sa man mota da na babur ba su zama ɗaya ba, ko da yake a ido kamarsu ɗaya. A cikin mota, inji yana da nasa mai, akwatin giya yana da nasa daban, kuloci kuma a bushe yake aiki. A yawancin baburan da ke kan titunanmu kuwa, irin su Bajaj Boxer, TVS, Jincheng, Haojue da Honda Ace, mai guda ne ke yi wa sassan nan uku hidima a lokaci ɗaya. Shi ke shiga tsakanin fistin da bangon silinda, shi ke wanke haƙoran giya, kuma a cikinsa fayafayan kuloci suke jiƙe tsamo-tsamo.

Wannan ya ɗora wa man babur buƙatu biyu masu karo da juna. Ana so ya yi santsi domin ƙarfe kada ya ci ƙarfe, ana kuma so kada santsin ya wuce iyaka, domin fayafayan kuloci sai sun kama juna sannan ƙarfin inji zai isa ga tayar baya. Man motocin zamani kuwa an ƙara masa wasu sinadarai masu rage gogayya musamman domin tsimin fetur. Idan aka zuba irinsa a babur, kuloci na iya fara zamewa: direba zai murɗa totur, inji ya yi ta kuka, amma babur ba ya ja yadda ya saba, musamman a kan hawa ko idan an yi lodi. Fetur yana ƙonewa a banza, fayafayan suna ƙuna, daga ƙarshe a tafi wurin bakanike a ce kuloci ya mutu, alhali kuwa mai ne ya kashe shi.

Bugu da ƙari, waɗannan babura ba su da lagireto. Iska ce kaɗai ke sanyaya su, mai kuma shi ke kwashe sauran zafin daga cikin inji. Babur ɗin da ya tsaya cikin cunkoson Legas ko na Mararraba, ko wanda ke ɗauke da buhuna biyu a hanyar ƙauye a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin rana kan haura digiri 40, injinsa na dafa man da ke cikinsa ne kawai. Masana harkar mai suna da wata ƙa'ida ta kusan-kusan, cewa da zarar mai ya yi zafi sosai, duk ƙarin digiri 10 na ninka saurin lalacewarsa. Har ila yau, da yawa daga cikin ƙananan baburan nan ba su da matacin mai na takarda irin na mota, sai 'yar rariya ta ƙarfe da wani kwano mai juyawa da ke tara datti. Watau dai man babur ya fi na mota shan wahala, ga shi kuma kaɗan ne.

Alamu uku a jikin roba

Alama ta farko ita ce ta kauri, wadda ake rubutawa da haruffan SAE, sunan wata ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka da ta tsara ma'aunin. Za a ga an rubuta SAE 40, ko 20W-50, ko 10W-30. Wanda ke da lamba ɗaya an auna kaurinsa ne a yanayin zafi kawai. Mai lamba biyu kuwa an auna shi sau biyu: lambar da ke tare da harafin W tana nuna yadda yake gudu idan inji na sanyi, domin W harafin farko ne na kalmar Ingilishi mai nufin lokacin hunturu, lamba ta biyun kuma tana nuna kaurinsa a digiri 100, watau lokacin da inji ya ɗauki zafi yana aiki. Ke nan 20W-50 da 10W-30 sun bambanta a wurare biyu: na biyun ya fi saurin zagayawa da asuba, na farkon kuma ya fi riƙe jikinsa da tsakar rana.

A nan ne aka fi yin kuskure. Akwai wata al'ada a garejojinmu ta ɗiga mai tsakanin yatsu biyu, a ja a ga ko yana da danƙo, in ya yi kauri a ce mai kyau ne. Wannan gwaji ba ya nuna komai face kaurin mai a inuwa. Bai san abin da zai faru a digiri 100 ba, balle sinadaran da ke ciki. Kauri ba shi ne inganci ba. Man da ya yi wa inji kauri da yawa yana jinkirin isa saman inji wajen bawul idan an tayar da safe, kuma a 'yan daƙiƙun nan na farko ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Yana kuma ƙara shan fetur, domin inji sai ya yi kokawa da shi. Wanda ya tsinke da yawa kuma ba ya iya raba ƙarafa idan zafi ya kai maƙura. Wanda ya san ratar da ke tsakanin ƙarafan injin shi ne wanda ya ƙera shi, kuma ya rubuta lambar da yake so a cikin ɗan littafin da ke zuwa tare da babur, wanda galibi ake barinsa a cikin ledarsa har ya ɓata. Littattafan baburan Indiya da yawa suna neman 20W-40 ko 20W-50, yayin da kamfanin Honda ya fi karkata ga 10W-30 a sababbin ƙananan baburansa. Wanda ke da babura iri biyu a hannunsa kada ya saya musu katan ɗaya don kawai dillali ya yi masa ragi.

Game da man nan mai lamba ɗaya, SAE 40, wanda ya cika kasuwa saboda araharsa, gaskiya ne cewa a ƙasa mai zafi irin tamu illarsa ba ta kai ta ƙasashen ƙanƙara ba. To amma wanda ya taɓa tayar da babur da asubahin hunturu a Jos ko Funtuwa ya san yadda yake daskarewa kamar zuma. Idan littafi bai ambace shi ba, gara a bar shi.

Alama ta biyu ita ce API, ta Cibiyar Man Fetur ta Amurka, kuma ita ce ke nuna matakin inganci. Kowane mai haɗi ne na tushen mai, wanda galibi ya haura kashi 75 cikin 100, da sinadaran da ake ƙarawa domin wanke datti, hana tsatsa, hana kumfa da kare ƙarfe. Harafin S na nufin injin fetur, C kuma na injin gas. Harafin da ke biye da S yana hawa ne bisa zamani: SF ya fito a 1980, SG a 1989, SL a 2001, SN a 2010, SP kuma a 2020. Idan littafi ya ce SJ, to SL ma ya yi, amma SF bai yi ba. Idan kuwa aka ga SA ko SB, to wannan mai ne na injunan zamanin da, na farkon ma babu sinadaran kariya a cikinsa sam, kuma bai kamata ya kusanci babur na sana'a ba. Sai dai a lura, sabon harafi ba ya nufin man ya dace da babur, domin an tsara ma'aunin ne da mota a zuciya. Musamman idan an ga kalmomin “Energy Conserving” ko “Resource Conserving” a cikin da'irar tambarin, to wannan shi ne man tsimin fetur da muka ambata, mai sa kuloci zamewa.

Wannan matsala ce ta haifar da alama ta uku, wadda a ganinmu ita ce mafi muhimmanci ga mai babur, kuma ita ce jama'a suka fi jahilta. Da kamfanonin ƙera babura na Japan suka ga man mota na ta ƙara santsi, sai hukumar tsara ma'aunan motoci ta ƙasar, JASO, ta fito da ma'auni na musamman don babura a 1998. Ta raba mai gida biyu: MA na baburan da kulocinsu ke cikin mai, MB kuma na waɗanda kulocinsu ke bushe, watau irin ƙananan baburan nan marasa canjin giya da ake ja da bel. A 2006 aka sake raba MA zuwa MA1 da MA2, inda MA2 ya fi ba kuloci damar kamawa. Saboda haka mai babur na haya ko na kai saƙo, abin da zai nema shi ne MA ko MA2. Rubutun 4T da hoton babur a jikin roba talla ce, tana nuna wa ake so ya saya. Alamar JASO kuwa tana nuna gwajin da aka ce man ya ci.

Sai kuma masu tsofaffin babura irin su Suzuki A100, Yamaha YB100 da Vespa ta da, waɗanda injinsu mai bugu biyu ne. Su nasu man, mai alamar 2T, tare da fetur yake ƙonewa, ko dai a gauraya su a tanki, kamar kashi 2 cikin 100 a yawancin Vespa, watau mililita 20 a kowace lita, ko kuma a zuba shi a wani ɗan tanki na daban. Ma'auninsa FB, FC ko FD ne. Zuba musu man 4T na toshe fulogi da bakin salansa da baƙar ƙura. Irin waɗannan babura sun yi ƙaranci yanzu, don haka ba za mu daɗe a kansu ba.

Lissafin kilomita

Yanzu sai mu zo ga abin da ya fi shafar ɗan kasuwa. Akwai mai iri uku a kasuwa: wanda aka tace kai tsaye daga ɗanyen mai, da wanda aka sarrafa ta hanyar kimiyya da ake kira sintetik, da kuma gaurayen su biyun. Na kimiyya ya fi jure zafi, ya kuma fi tsada nesa ba kusa ba. Ga babur mai inji cc 100 ko 125 da ke aiki cikin ƙura, ba lallai ne ƙarin kuɗin ya biya kansa ba, domin tilas a juye man saboda dattin da ya shiga cikinsa tun kafin shi kansa ya gaji. Nagartaccen mai na tacewa ko gauraye, mai alamu ukun nan daidai, ya wadatar.

Abin da bai wadatar ba shi ne duba farashin roba kaɗai. Bari mu ɗauki misali, da ƙaddarar farashi domin sauƙin lissafi kawai. A ce akwai mai na Naira 3,000 wanda ke tsinkewa bayan kilomita 1,000, da kuma wani na Naira 5,000 da ke kai kilomita 2,500 lafiya lau. Na farkon Naira 3 yake ci a kowace kilomita, na biyun kuma Naira 2. Babur ɗin da ke yin kilomita 150 a rana, kwana shida a mako, zai yi kilomita 900 a mako, kimanin 46,800 a shekara. Da mai arahar za a kashe Naira 140,400 a shekara, da mai tsadar kuma 93,600. Wanda ke da babura goma sai ya ninka bambancin sau goma. Ba a ma sa kuɗin aikin bakanike ba, da sa'o'in da babur ke tsaye a gareji, balle ranar da inji ya buga, a sayi fistin da ringi, a gyara bulo, direba ya yi kwanaki bai kawo balas ba.

Dalilin da ya sa mai ke tsinkewa da wuri a babur shi ne haƙoran giya. Abin da ke ba mai lamba biyu ikon riƙe kauri a cikin zafi wasu sinadarai ne masu kama da dogayen zaruruwa, haƙoran giya kuwa suna datsa su kamar almakashi. Man da aka haɗa da zaruruwa marasa ƙarfi zai shiga inji yana 50, bayan mako ɗaya ko biyu ya koma 40 ko ƙasa da haka. Direba mai lura zai ji giya ta fara tauri, inji kuma ya ƙara ƙara. Amma baƙin da mai ke yi ba shaida ba ce ta rashin kyau. Sau da yawa ma alama ce cewa sinadaran wankin da ke cikinsa suna aikinsu, suna riƙe dattin maimakon su bar shi ya kwanta a jikin ƙarfe. Abin tsoro shi ne man da ya yi fari-fari kamar an zuba madara, domin ruwa ne ya shiga, abin da kan faru da damina idan an ratsa ambaliya. Da wanda ke warin fetur. Da wanda ake ganin ƙyalƙyalin garin ƙarfe a cikinsa. Kowanne daga cikin ukun nan a juye shi nan take, a kuma nemi dalili.

Dangane da lokacin juye kuwa, littattafai kan ba da tazarar kilomita dubu kaɗan, su kuma ce a rage idan ana aiki cikin ƙura ko da kaya masu nauyi, wanda shi ne halin kusan duk babur na sana'a a ƙasar nan. Juyen farko na sabon babur, wanda ake yi tsakanin kilomita 500 zuwa 1,000, kada a kuskura a tsallake shi, domin a lokacin ne sababbin ƙarafa ke goge juna suna zubar da gari. A kuma riƙa wanke ko canza matacin iska, domin ƙurar da ta wuce shi a cikin mai take ƙarewa, ta mayar da shi tamkar ruwan yashi.

Wa ke sayen man?

Akwai wani al'amari da ba na inji ba ne, na yarjejeniya ne. A tsarin balas, inda direba ke kawo wa mai babur wani adadi kullum, ya riƙe abin da ya rage, yawanci direban ake bar wa juye. Shi kuwa duk Nairar da ya rage a wajen mai tasa ce yau, injin da zai mutu bayan wata takwas kuma na wani ne. Ba sai mutum ya zama maci amana ba kafin wannan lissafi ya rinjaye shi. Shi ya sa masu babura da yawa kan fi samun kwanciyar hankali idan suka sayi man da kansu a katan, suka rage balas kaɗan ko suka ƙara kuɗin a kansa, suka kuma tsayar da bakanike guda da rana guda ta juye. A tsarin biyan kuɗi kaɗan-kaɗan har babur ya zama na direba, matsalar ta yi sauƙi, amma ba ta gushe ba, domin idan direba ya gaza biya, babur ɗin da ya ci wuya ne zai dawo hannun mai shi.

Sayen katan yana da wata fa'idar, watau kauce wa jabu. Alamu ukun da muka yi bayani suna da amfani ne kawai idan abin da ke cikin robar shi ne abin da aka rubuta a bayanta. Sanannen abu ne cewa akwai masu tattara robobin da aka yar su sake cika su da tushen mai zalla ko tsohon mai da aka tace, kamar yadda ake sayar da man awo a kwalabe a bakin titi ba suna ba lamba. Tushen mai zalla yana da kyan gani, garai-garai, amma babu abin da zai kare inji a cikinsa. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ita ke ba kayan da aka yi a gida tambarin MANCAP, na waje kuma takardar SONCAP, yayin da hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ke ba masana'antun haɗa mai lasisi. Akwai irin waɗannan masana'antu a sassa daban-daban na ƙasar, kamar Ammasco a Kano da Lubcon a Ilori, ban da na manyan kamfanonin mai da ke Legas, don haka ba dole sai man waje ba. Abin dubawa shi ne hatimin murfi bai taɓu ba, akwai lambar rukuni da ranar haɗawa, akwai cikakken adireshin kamfani, rubutun kuma bai dusashe ba. A saya a gidan mai ko wurin dillalin da kamfani ya amince da shi, a karɓi rasit. Farashin da ya faɗi ƙasa da na dillali sosai abin tambaya ne.

Su ma masu sayar da man suna da nasu rabon. Katan ɗin da aka jera a rana da ruwan sama a ƙofar shago yana lalata roba da rubutunta, durom ɗin da aka bari a tsaye a waje kuma yana iya zuƙar ruwan da ya taru a kan murfinsa. A fara sayar da wanda ya riga zuwa.

A ranar juye, a bar inji ya ɗan yi ɗumi domin man ya fita da dattinsa, a tsayar da babur a kan tsayuwar tsakiya a wuri mai daidai, a wanke 'yar rariyar, a zuba gwargwadon da aka rubuta, wanda a wasu babura an zana shi a jikin murfin inji kusa da bakin zubawa. Bayan an tayar na ɗan lokaci an kashe, a jira minti biyu ko uku a duba geji. Man ya tsaya tsakanin layi biyun, domin wanda ya yi yawa yana kumfa, yana kuma tura roba ta fara yoyo. Mai babur ya buɗe littafi guda, kowane babur da shafinsa, a rubuta rana, da kilomitar da mita ta nuna, da irin man da aka zuba. Idan mitar ta mutu, kamar yadda aka saba gani, a gyara ta ko a ƙirga da kwanakin aiki. Robar da aka gama da ita kuwa a huda ta ko a yanka ta gida biyu kafin a yar, tsohon man kuma a tara shi a jarka, kada a zuba a kwata.